Karatun Fiziks a Jami'a: Suna Za a Bi Ko Aljihu? Tambayoyin Ɗalibai da Iyaye a Sakkwato

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin ɗaliban kimiyya da iyayensu a nan Sakkwato. Yaro na son jami'ar da ta yi suna, uba na duban abin da ke hannunsa, uwa kuma hankalinta na kan hanya da nisa. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa game da fiziks, na amsa su gwargwadon abin da na sani.

Wai sunan jami'a yana da tasiri ga mai karatun fiziks, ko duk ɗaya ne?

Yana da tasiri, amma ba a wurin da yawancin mutane ke zato ba. A digiri na farko, kusan abu ɗaya ake koyarwa a ko'ina cikin Najeriya, domin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke shata manhaja. A tsarin da ta ƙaddamar a 2022, kashi 70 cikin ɗari na darussa daga wurinta suke, kashi 30 ne aka bar wa kowace jami'a ta tsara da kanta. Dokokin motsi, zafi, haske, lantarki da maganaɗisu, kwantum (ilimin halayyar ƙwayoyin zarra), da lissafin da ke ɗauke da su duka, abin da za a koya a Ibadan shi za a koya a Sakkwato.

Bambancin yana cikin malaman da za su tsaya a gabanka, da kayan da hannunka zai taɓa a ɗakin gwaji, da irin abokan da za ka yi gogayya da su. Tsohuwar jami'a takan fi yawan farfesoshi da tsofaffin ɗalibai da suka watsu a ma'aikatu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a ganina, a digiri na farko sakamakonka ya fi sunan makarantarka nauyi. A digiri na biyu da na uku ne suna ke fara yin aiki sosai, kuma can ɗin akwai hanyoyin da ba daga aljihun mahaifinka za a biya ba. Na yi bayaninsu a amsar da ta shafi ci gaba da karatu.

Waɗanne jami'o'i ne ɗan Sakkwato zai duba?

A gida akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a sauya mata suna a 1988, mazauninta na dindindin yana wajen Dundaye. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato da aka kafa a 2009. A maƙwabta akwai jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, dukansu na 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero. Idan aka ƙara nisa sai Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara a 1962, da Bayero ta Kano. Masu hangen kudu sukan ambaci Ibadan, Ile-Ife da Nsukka.

Kafin ka rubuta sunan kowace, buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB ka ga sunan da kwas ɗin ke ɗauke da shi a can. Wani wuri fiziks ne zalla, wani wuri an haɗa shi da ilimin na'urorin lantarki, wani kuma da koyarwa.

Yaya ake lissafa ainihin abin da karatun zai ci?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a duba kuɗin rajista kawai a ce ai wannan jami'a da waccan kusan ɗaya suke. Gaskiya ne a jami'o'in tarayya rajistar ba ta cika yin nisa da juna ba, ko da yake da yawansu sun ƙara kuɗi tun daga 2023. Abin da ke cinye kuɗi shi ne zaman kansa. A ɗauki takarda a rubuta kuɗin ɗaki, ko a hostal ko haya a waje idan ba a sami gado ba, da abincin wata-wata, kuɗin mota zuwa da dawowa a kowane hutu, littattafai da buga takardu, data, magani, kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ba makawa sai an nema kafin aji uku, sai kuɗin aikin binciken shekarar ƙarshe. A ninka da shekara huɗu, sannan a ƙara ta biyar don gudun yajin aiki ko maimaita wani kwas.

Yanzu a kwatanta yara biyu. Ɗaya yana kwana gidansu a Mabera ko Runjin Sambo, ya sha kunu da safe ya hau bas zuwa makaranta, da dare tuwon gida na jiransa. Ɗayan yana Samaru, tafiyar kimanin kilomita 400 ta Gusau da Funtuwa, kowace loma sai ya saya, kowane hutu sai an aika masa kuɗin mota. Rajistarsu na iya zama kusan ɗaya, amma abin da ya fita daga gidajen biyu a ƙarshen shekara ba kusa ba ne.

Tambayar da ya kamata a yi a zaure ita ce, idan kasuwa ta tsaya ko damina ba ta yi kyau ba, za a iya ci gaba da biyan wannan? Idan sai an sayar da gona ko an cire ƙanne daga makaranta, to lissafin bai fita ba.

Makina sun isa Zariya, amma Baba ya ce in tsaya Sakkwato. Ba a tauye ni ba?

Ɗana, na fahimci abin da ke ranka, kuma burinka ba laifi ba ne. Amma ka zauna da Baba ka ji dalilinsa tukuna. Idan kuɗi ne, ku yi lissafin da ke sama tare, kai da shi, a kan takarda. Sau da yawa yaro bai san abin da ke shigowa gidansu ba sai ranar da aka buɗe masa. Fiziks karatu ne mai son nutsuwa. Wanda ke tunanin abin da zai ci da dare ba zai zauna awa uku a kan tambaya ɗaya ta lissafi ba, kuma irin zaman da kwas ɗin ke nema ke nan tun daga aji biyu.

Idan kuwa hali akwai, tsoro ne kawai ko sabo, to ka nemi kawunka ko malaminka na fiziks su yi masa magana cikin ladabi. Fita daga gida ma ilimi ne, kuma ajin da ke cike da haziƙai daga jihohi daban-daban yana jan mutum sama. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tunanin cewa tsayawa gida faɗuwa ce. Wanda ya fito da daraja ta ɗaya daga Danfodiyo yana gaba da wanda ya fito da daraja ta uku daga kowace jami'a a ƙasar nan, a wajen neman tallafi da wajen neman aiki.

Ta yaya za mu gane sashen fiziks mai kyau tun kafin a shiga?

Da farko a tabbatar NUC ta tantance kwas ɗin kansa, ba jami'ar kawai ba. Tantancewa hawa uku ce: cikakkiya, ta wucin gadi, da wadda aka hana. Jami'a na iya yin fice a shari'a ko likitanci alhali sashenta na fiziks yana rarrafe, kuma jadawalin da ake yaɗawa a intanet na jami'o'in da suka fi ba ya nuna wannan.

Na biyu, a je da ƙafa. Wannan shi ne alfanun jami'ar kusa, ba sai an yi guzuri ba. A nemi izinin leƙa ɗakin gwaji ranar da ake aiki. A gwajin farko-farko akan rataya ɗan ƙarfe a zare a kaɗa shi, a ƙirga lilonsa ashirin da agogo, a sauya tsawon zaren a sake, daga nan a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Ka duba mutum nawa ne a kan teburi ɗaya. Idan uku ne ko huɗu, kowa zai riƙe agogon. Idan sha biyar ne, biyu ne ke aiki, sauran kwafar lambobi suke yi. Ka duba ko na'urorin awon lantarki a kunne suke ko a kulle cikin kabad da ƙura a kansu, ka kuma tambaya me ake yi idan aka ɗauke wuta.

Na uku, a tari ɗaliban aji huɗu a ƙarƙashin bishiya, ba jami'in hulɗa da jama'a ba. A tambaye su ko malamai na zuwa aji, ko sakamako na fitowa a kan lokaci, ko aikin bincikensu awo suke yi da hannunsu ko tattara rubutun wasu ne, da kuma inda 'yan shekarun baya suka tafi bayan sun gama.

An ce Zariya na da na'urar nukiliya. Wannan bai isa dalilin zuwa can ba?

Maganar gaskiya ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu ko abinci. Ile-Ife ma na da na'urar harba ƙwayoyin zarra a tata cibiyar. Amma waɗannan kaya ne na masu digiri na biyu da na uku da ma'aikatan bincike. Ɗalibin digiri na farko ya fi samunsu ta hanyar ziyara ko horon sanin makamar aiki na SIWES, kuma ɗalibin wata jami'a ma na iya neman yin nasa horon a can.

Kada kuma a manta da abin da ke gida. Jami'ar Danfodiyo ce ke ɗauke da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana: murhun girki, na'urar busar da amfanin gona, ɗumama ruwa, da farantan sola. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ya rasa abin awo. Mai sha'awar makamashin rana yana zaune a inda ya dace.

Jami'a mai zaman kanta fa, tunda ba ta yajin aiki?

Wannan hujja ce mai ƙarfi. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A jami'a mai zaman kanta shekara huɗu takan zama huɗu. Amma kuɗinta yakan ninka na gwamnati sau da yawa, kuma kwasa-kwasan da ke kawo mata ɗalibai su ne likitanci, shari'a da kwamfuta, don haka ba kowacce ce ke zuba jari a fiziks ba. A yi mata tambayoyin da ke amsar gane sashe mai kyau, a ƙara da wannan: malaman nata ne na dindindin, ko aro take yi daga jami'ar gwamnati da ke kusa? Idan aro ne, malami ɗaya za a biya da tsada.

Bashin karatu na gwamnati zai iya cike giɓin?

Zai rage. Asusun NELFUND ya fara aiki a 2024 bayan sa hannu a kan dokar bashin ɗalibai, kuma na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da iyaye da yawa a nan ke fara tambaya. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Duk da haka bashi ne, sai an biya. Kuma naira 20,000 ba za ta riƙe ɗalibi a garin da ba nasu ba, amma ga mai kwana a gida za ta iya ɗaukar kuɗin mota da takardu. A leƙa hukumar tallafin karatu ta jiha ma, da takardar shaidar ƙaramar hukuma a hannu. Sai dai kada a gina lissafin shekara huɗu a kan kuɗin da bai shigo ba tukuna.

Muna da ɗan hali. Mu fitar da shi waje tun digiri na farko?

Alhaji, idan jami'a ce ta gaske kuma kuɗin shekara huɗu yana ajiye ba tare da dogaro da farashin dala na yau ba, babu laifi. Amma a yi hattara da dillalan gurbin karatu. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo saboda badaƙalar digirin bogi. A 2023 kuma yaƙin Sudan ya sa aka kwaso ɗalibanmu karatu bai ƙare ba. A tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya na karɓar takardar makarantar kafin a biya ko sisi. Shawarata ga mai son fiziks ita ce a yi na farko a gida, a adana kuɗin don na biyu.

'Yata ce ke son fiziks. Akwai abin da ya bambanta?

Karatun ɗaya ne, kuma ina roƙon kada a karkatar da ita zuwa wani kwas da sunan wai fiziks na maza ne. Makarantun 'yan mata a jihar nan na matuƙar buƙatar malamai mata na kimiyya, haka asibitoci. Abin da za a ƙara dubawa shi ne masauki: ko za ta sami gado a cikin makaranta, ko akwai ruwa da tsaro, da yadda za ta dawo idan gwaji ya kai yamma. Idan akwai maganar aure a tsakiyar karatu, jami'ar gida ta fi sauƙin ci gaba, kuma gara a yi wannan magana da dangin miji tun kafin a sa rana.

Likitanci na nema aka ba ni fiziks. In karɓa?

Tambayi kanka abu ɗaya: kana jin daɗin lissafi? Ba cin jarrabawa nake nufi ba, a'a, ko kana iya zama da tambaya har ta warware ba tare da an tilasta ka ba. Idan e, karɓa, za ka iya samun kanka a ciki, kuma akwai reshen fiziks na asibiti da zan ambata a amsar da ke biye. Idan a'a, kada ka sa iyayenka su kashe kuɗin nesa a kan kwas ɗin da kake shirin gudu daga gare shi. Sauya sashe bayan shekara ɗaya yana yiwuwa a wasu wurare, amma komawa likitanci abu ne mai wuya ƙwarai.

Masu ɗaukar aiki suna duban sunan jami'a?

A aikin gwamnati abin da ake dubawa shi ne takardar digiri daga jami'ar da aka amince da ita, darajar sakamako, da takardar hidimar ƙasa. Masu fiziks na shiga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, hukumar sararin samaniya ta NASRDA, hukumar kula da amfani da nukiliya ta NNRA, da sassan gashin ciwon daji a asibitocin koyarwa, inda masanin fiziks ke auna yawan hasken da za a harba wa majiyyaci. Mafi yawa kuma koyarwa suke yi, wadda ke buƙatar difloma ta koyarwa da rajista da hukumar malamai ta TRCN ga wanda bai karanci ilimi ba.

A kasuwa kuwa abin da hannunka ya iya ake tambaya. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse, akan kira mai awo ya kafa ƙarafa huɗu a ƙasa a jere, ya tura lantarki ta biyun gefe, ya auna ta biyun tsakiya, ya riƙa ƙara tazara har ya gane zurfin da ruwa yake. Wannan fiziks ne tsantsa. Haka lissafin yawan faranti da batir da gida ko asibiti ke buƙata kafin a haɗa sola. Mai gidan da ya kira ka ba zai tambayi inda ka yi karatu ba, ruwan da ya fito ko wutar da ta kwana zai duba. Ka koyi rubuta manhajar kwamfuta da Python tun kana aji biyu, ko an koyar a sashenku ko ba a koyar ba.

Idan na yi jami'ar gida, zan iya ci gaba da karatu a manyan wurare?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne lissafin duka ke haɗuwa. Cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin difloma na shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da cikakken tallafi, don shirya su shiga digiri na uku. Cibiyar AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin digiri na biyu a fannonin lissafi, kuma masu fiziks na shiga. A gida akwai tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ga fannonin da suka shafi mai da makamashi, wanda ya zama malamin jami'ar gwamnati kuma yana iya samun na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Abin da waɗannan wurare ke karantawa shi ne takardar sakamakonka dalla-dalla, musamman makin lissafi, kwantum da lantarki da maganaɗisu, sai wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ka da gaske, da aikin bincikenka, da Turancinka. A ma'aunin maki 5, daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Ƙasa da haka ƙofofi da yawa na rufewa. Makin aji ɗaya yana shiga lissafi, don haka wanda ya yi wasa da shekarar farko zai sha wahalar ɗagowa. Kuma a sashen da ɗalibai ba su yi yawa ba, malami ya fi saurin sanin sunanka, wasiƙarsa kuma ta fi yin nauyi.

Ko jami'ar gida ma ta fi ƙarfinmu bana. Shi ke nan?

A'a. Ana iya yin NCE a fiziks haɗe da lissafi ko kemistiri a kwalejin ilimi, shekara uku, sannan a shiga jami'a a aji biyu ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB. Hanyar ta fi tsawo, amma mai NCE na iya koyarwa ya tallafi kansa, kuma yakan shiga jami'a da tushe mai ƙarfi.

Na riga na cike wata jami'a a JAMB. Zan iya sauyawa?

Za ka iya, a cibiyar da JAMB ta amince da ita, da ɗan kuɗi, muddin jami'ar da kake son komawa ba ta rufe tantancewarta ba. Ka tabbatar darussan da ka rubuta sun dace, wato Turanci, fiziks, lissafi, galibi da kemistiri, kuma kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da su. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankin jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, kuma Sakkwato na cikin rukunin ƙarshe, don haka ka duba inda takardar jiharka za ta fi yi maka amfani. Duk gurbin da aka ba ka, sai ka gan shi a shafinka na CAPS, wato tsarin bayar da gurbi na JAMB a intanet, ka karɓa da hannunka. Wanda bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma zai iya hana ka tafiya hidimar ƙasa bayan ka gama.